Mudun kawuna da bashin shinkafar da na ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ka taimaka ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, in ta yi tsawo ka datse inda ka ga dama ba zan ji haushi ba, na san ni da surutu, uwar 'ya'yana ma kullum sai ta ce in na fara magana sai tuwo ya huce. Ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan boko ba ne can can, hatsi nake saidawa a kasuwar Jega sama da shekara talatin, da rani kuma in shiga fadama in yi 'yar shinkafata kaman kowa.

Abinda ya sa na ɗauki waya nake wanga rubutu, satin da ya wuce mun je ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha an raba goro muna zaune gindin dogonyaro muna jiran abinci, sai hira ta faɗo kan yaran zamani. Toh ka san yadda irin wagga hira take. Wannan ya ce ba su da kunya, wancan ya ce waya ce ta lalata su, wani ya ce TikTok, wani ya ce ƙwaya, wani ya ce ba abinda sunka sani sai son kuɗin dare ɗaya. Ban musa ba, ni ma na tofa nawa. Amma wanda ya fi kowa ɗaga murya a wurin, yana ta innalillahi duniya ta zo ƙarshe, wallahi na san mudunsa. Biyu gare shi, akwai na saye akwai na sayarwa. Na yi shiru ban ce komi ba dan ni ma in anka bincika ba wankakke ba ne, kuma akwai wata magana da ɗana ya faɗa min wata biyu da sunka wuce, har yau tana nan ta tsaya min a maƙoshi kaman ƙayar kifi.

Amma bari in fara daga baya tukuna, in ba haka ba ba za a gane ba.

A 1993, shekara biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato, babana ya kama hannuna ya kai ni rumfar ƙanen mahaifiyata ya ce ga shi nan, ka koya masa abinda zai ci abinci da shi. Ina da shekara sha huɗu lokacin. Kawun nan nawa ba mai yawan magana ba ne, kana iya wuni da shi ba ka ji kalma ashirin ba in ka cire sallama da ciniki. Mudu ɗaya gare shi na ƙarfe, duk ya koɗe, bakinsa ya yi sulɓi dan tsufa, da shi yake saye wurin mutanen ƙauye da shi yake sayarwa. Ni kuma yaro, ido a buɗe, ban yi wata uku ba na gane abinda ke gudana a layin. Akwai mudun da anka bubbuga gindinsa ya ɗan shige ciki, in ka leƙa daga sama ba ka ganin komi amma kowane awo sai ya rage abinda zai yi wa yaro kunu. Akwai wanda anka buɗa cikinsa, shi na ranar da manoma sunka kawo kaya ne. Akwai sa babban yatsa cikin mudu ana awo, akwai karkata shi a juye da sauri kafin ya cika ya yi tudu, akwai kuma ƙirga da hira, ana tambayar mutum ya mutan gida ya ruwa, daga bakwai sai a ce tara. Wani yaron rumfar kusa da mu, ya ɗan girme ni, shi ya nuna min na yatsan, yana dariya ya ce kai kawunka zai mutu talaka.

Ranar wata kasuwa wata tsohuwa ta zo da sandarta da ƙullin kuɗi a bakin zane, ta ce mudu huɗu na gero. Kawu yana can gefe yana ƙirga kuɗi ya ba ni baya, ko dai na ɗauka ya ba ni baya. Na sa yatsa, na juye da sauri sau huɗu, na ɗaure mata ta ɗora a kai ta tafi. Ba wai kuɗin aljihuna za su shiga ba fa, kawai so nake in ga ko na iya. Sai da ta ɓace cikin mutane sannan ya ce, kai zo nan, mi ka yi wa tsohuwar ga? Na ce ba komi kawu. Bai yi gardama da ni ba. Ya ɗauki mudun ya cika shi yadda yake cikawa har yana zuba, ya juye a faifai sau huɗu, ya tura gefe, sannan ya ce in auna huɗu yadda na auna mata, ya ce kuma kar in kuskura in canza hannu. Na auna jikina na ɓari. Ya gwada biyun, abinda ya rage bai kai rabin mudu ba, ya zuba a leda ya miƙo min ya ce, bi ta, in ba ka cim mata a hanya ba ka bi ta har gida, kuma kar ka ce mantuwa ce, ka ce Inna na tauye miki ne da gangan.

Edita, ranar nan ana rana kaman za ta fasa kai, watan bazara ne. Na fita ina tambaya ina tambaya har na baro gari, sai can na hango ta ta sauke kayan tana hutawa gindin wata tsamiya. Na fi minti biyar tsaye nesa da ita ina shawara da zuciyata, in zubar da geron cikin ciyawa in koma in ce na ba ta, wa zai sani? Abinda ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, kar in yi ƙarya, tsoron kawu ne, dan na san tsohuwar tana dawowa wata kasuwar kuma zai tambaye ta. Na je na durƙusa na faɗi yadda anka ce in faɗa. Ta dube ni ta dubi ledar, ta ce ɗan nan wa ya aiko ka? Na faɗa mata. Ta karɓa ta ce, Allah ya shirya ka. Ba ta ce Allah ya yi maka albarka ba, shirya ta ce, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni sabuwa. Da na dawo rumfa na iske ya ajiye min fura a kwano. Bai sake tada maganar ba har ya bar duniya, bai kuma gaya wa babana ba.

Yaron can bai yi ƙarya ba, kawuna bai yi arziki ba. Bai taɓa mallakar mota ba, keke ne har tsufa ya hana shi hawa. Sai dai rumfarsa ta zama kaman banki, mata masu tallar nono, 'yan dako, mutanen ƙauye masu tara kuɗin aure ko na sayen shanu, duk wurinsa suke ajiya. Bayan rasuwarsa da munka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, ƙulli ƙulli munka iske, kowane da 'yar takarda an rubuta da ajami, sunan mai shi da garinsu da adadin. Wani ƙullin ma tsofaffin kuɗi ne, mai su ya jima bai waiwayo ba, yadda ya kawo su haka suke ba a ko canza ɗaurin ba. Sati biyu munka yi muna aika wa mutane su zo su karɓi amanarsu, ba wanda ya ce nasa ya ragu.

Ni na gaji mudun. Kuma ina faɗi da bakina ban taɓa sake tauye wa kowa awo ba tun daga ranar tsamiyar nan, ina ma alfahari da hakan, har ina kallon na kusa da ni a raina ina cewa Allah ya shirye ku. Ashe shaiɗan in ya ga ka toshe masa ƙofa ɗaya ba komawa gida yake ba.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin nan na Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance. Kowa a jihar ga ya san shi. A lokacin ana ba ka iri da taki da maganin feshi, wasu har injin ban ruwa, da sharaɗin in ka girbe ka biya da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ko da kuɗi. Na shiga ta ƙungiyar manoma, na samu, na noma, Allah ya ba da albarka shekarar nan har na rasa buhunan zubawa. Da lokacin biya ya yi sai na kai 'yan buhuna kaɗan na rufe baki da su, sauran na yi shiru. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a majalisarmu ta bayan isha'i har raha muke da abin, wai kuɗin gwamnati ne, kuɗin man fetur ɗinmu ne, na Abuja sun ci nawa ba wanda ya tambaye su, wanga shi ne rabonmu. Ni na fi kowa iya faɗin kalmar, rabonmu. Wanda ke kawo mana shayi yana kwashe kofuna a majalisar babban ɗana ne, yana da shekara sha uku.

A watan Agusta na 2019 anka rufe iyakoki, shinkafar gida ta yi daraja, na samu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, na sayi mashin sabo na ƙara ɗaki biyu a gida. Ban tuna da bashi ba. Da ambaliyar 2020 ta zo ta shafe gonakin mutane a jihar nan, wadda ta sa magidanta da dama kuka da hawaye, ni sai ta zame min mafaka, duk wanda ya tada maganar sai in ce ai ruwa ya cinye mu. Alhali bashina ya girmi ambaliyar da shekara huɗu. Ka ga irin ƙaryar da mutum ke yi har shi kansa ya fara yarda da ita.

Toh yaron nan ya girma, ya gama sakandare, aiki babu, na haɗa masa jari ya kafa 'yar rumfar POS bakin tasha yana haɗawa da cajin waya. Yaro ne mai ladabi, ba ya shaye shaye, ba ya wuce sallah, kowa na yaba min shi. Wata biyu da sunka wuce na ji yana gaya wa ƙanensa a zaure cewa Allah ya jefo masa dubu talatin da biyar. Na kira shi na ce daga ina? Ya ce wani manomin albasa ne daga wajen Aliero ya zo cire kuɗi, anka tura ta wayarsa sabis ya ƙi, alat bai shigo ba, sai anka sake turawa ta biyu ta shigo ya ba shi kuɗinsa ya tafi, cikin dare sai ga ta farkon ita ma ta faɗo. Na ce toh ka kira shi? Ya ce a'a. Na ce ka san shi? Ya ce ya sani, yana zuwa lokaci lokaci. Na fara faɗa, na ce wanga ai haram ne tsantsa, ɗan wa ye kai da za ka ci kuɗin mutane, a gidan nan ba a san mu da haka ba. Ya sunkuyar da kai, bai ɗaga murya ba wallahi, cikin ladabi ya ce, Baba ai ba sata na yi ba, da kansu sunka shigo, rabona ne, ba haka kuka ce ba lokacin bashin shinkafa?

Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya tsaya a sama. Mi zan mara? Bakina ne ke magana a bakinsa.

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ɗa ya ƙi gado halin kirkin iyaye. Mu nan ƙasar albasa ce, kuma ni dai abinda na gani shi ne tamu albasar halin ruwan ta yi sak, ruwan ne gurɓatacce. Mu zauna mu ƙirga abinda yaro ke gani daga safe zuwa dare. Mai bin bashi ya yi sallama, uba na kwance a ɗaki ya ce je ka ce ba na nan. Lokacin jarabawar WAEC ko NECO uba da kansa yake neman makarantar da ake ba da amsa, ya biya kuɗin, in sakamako ya fito ya yanka kaza a yi walima. Za a nemi aiki a je a rage shekaru a yi rantsuwa a kai. Buhun albasa manya a baki, ƙanana da masu ruɓa a tsakiya, kuma yaron ne ake sa wa ya jera. Shanshera a yayyafa mata ruwa da daddare dan ta yi nauyi a sikeli, ko a bar tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki. Lokacin zaɓe a karɓi taliya da sabulu da atamfa wurin wannan a rantse masa, gobe a karɓi na wancan shi ma a rantse masa, a dawo gida ana dariya ana cewa mun ci banza. Duk wanga yana faruwa gaban yaro, sannan ranar Juma'a a riƙo hannunsa a kai shi masallaci ya ji huɗuba kan gaskiya da riƙon amana. Wanne zai ɗauka, na minti ashirin ko na sati guda?

Kuma ba wai ba mu sani ba ne. Wailul lil muɗaffifina tana cikin surorin da yaro ke wankewa a allo tun bai san tsarki da kyau ba, azaba ta tabbata ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai sun cika in za su bayar sai su rage. Mutanen Annabi Shu'aibu har da laifin awo da sikeli anka halaka su. Hadisin nan kuma da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mai saida abinci ya cusa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne, ya ce masa mi ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kai ka ce a layin 'yan shinkafa anka yi abin jiya. Kowa ya haddace. Haddar ce ba ta sauko hannu ba.

Har bikin kamun kifinmu na Argungu da muke tinƙaho da shi tun 1934 bai tsira ba, a 2008 wanda anka ce ya zo na ɗaya daga baya anka gano kifin ba a kogin Matan Fada anka kama shi ranar ba, shigo da shi anka yi, anka karɓe kyautar. Na tuna yadda munka yi ta dariyar abin a kasuwa, wasu ma cewa suke shi dai bai iya ba ne da ya bari anka gane. Wato laifinsa a wurinmu kamun da anka yi masa.

Na san abinda wani zai ce, malam kana magana ne dan cikinka a ƙoshe, yunwa ba ta san kirki ba. Akwai gaskiya a ciki. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 magidanci na ganin tasku, wanda ke sayen mudu biyar ya koma biyu, kuma ba zan zauna nan in zagi wanda ya rasa abinda zai kai gida ba. Sai dai shekara talatin ina kallon kasuwa, kuma wallahi ba mai mudu biyu a faifai ba ne ya fi algus, mai sito ne. Ni ma lokacin da na ci bashin nan ba yunwa nake ji ba, shekarar da na fi kowace samu ce. Ɗan dakon da ke ɗaukar buhu a kan naira kaɗan sau nawa ya tsinci kuɗina ya kawo min. Dan haka maganar talauci tana da iyaka.

Da daddaren ranar da munka yi wagga magana da ɗana, bayan na huce na ba shi labarin kawu da tsohuwar gero, ban taɓa ba shi ba sai ranar dan kunya. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, toh Baba shi kawun mi ya samu? Tambayar yaran yanzu ke nan, kuma ni ban ga laifinsu ba dan mu munka koya masu cewa mutum abinda ya tara ne. Wa muke tashi tsaye in ya shigo? Wa ake ba sahun gaba da shimfiɗa ta musamman wurin ɗaurin aure? Wa maroƙi ke wasawa? Ba wanda ke tambayar ina ya samo. Yaro ya ga malamin firamaren da ya shekara talatin yana koyarwa yana tafe a ƙasa ba mai kula shi, ya ga wanda ba a san sana'arsa ba ya dawo da mota ana rububin gaishe shi, sai mu ce ya zaɓi zama malamin?

Ban iya ba shi amsa mai daɗi ba, amma na tuna masa da mutumin da kabarinsa ke nan kusa da mu a Gwandu. Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829. Mutumin nan yana cikin manyan jagororin jihadi tun daga hijirar Gudu a 1804, amma ana cikin samun nasara, garuruwa na faɗowa, ya duba ya ga da yawan mutane sun juya ga neman mulki da dukiya da dawaki da tufafin ƙawa, abinda anka fito dominsa ana barinsa a baya. Sai ya bar rundunar ya kama hanyar gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano ne sunka tare shi sunka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a nan ya rubuta masu Diya'ul Hukkam kan yadda ake shugabanci da shari'a, daga baya ya dawo. Abinda ke ba ni mamaki kullum shi ne lokacin da ya juya baya, ba lokacin wahala ba ne, lokacin da ganima ta fara zuwa ne, lokacin da irina zai ce rabonmu ya tsaga. Shi ya san dalilin da ya fito da shi daga gida, shi ya sa da abin ya karkace ya gane. Mu da yawanmu in ka tare mu ka ce mi kake nema a duniyar ga bayan kuɗi, sai mu yi ta kame kame. Haka matan nan 'yan taru na Nana Asma'u, jaji, wato jagorarsu, ta sa malfa ta jawo ayarin mata a ƙasa daga ƙauye zuwa wurin karatu su koma su koyar da wasu, ba albashi ba alawus, kuma abin ya rayu bayan ita Nana ta rasu a 1864. Muna sa wa makarantu da tituna sunayensu, shi ke nan mun gama da su.

Na ce wa ɗana kawu bai samu mota ba, amma shekara arba'in duk wanda ke tsoron kuɗinsa su salwanta a yankin nan ƙafarsa rumfarsa take kawo shi, kai fa in ka shekara arba'in bakin tashar nan dan mi kake so a riƙa neman ka? Bai ce komi ba. Ni ma tambayar kaina nake a lokacin.

Ina da roƙo biyu kafin in rufe, Edita. Limamanmu da masu wa'azi, Allah ya saka da alheri, amma dan Allah a rage yawo can sama a sauko kasuwa, a kira mudu da sunansa, a kira jiƙa shanshera da sunansa, a kira cin bashin gwamnati da na ƙungiya da na adashi da sunansa, ko da manyan masu ba masallaci gudummawa za su ɓata rai. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi kuma, ba abu ne mai wuya ba a samu mudu ɗaya tabbatacce a ajiye, ranar kasuwa a zaga layi a gwada na kowa a gaban jama'a. In za a fara a fara da nawa.

Shi kuwa mai albasar, washegari na goya ɗana a mashin munka tafi. Tun a hanya na ce masa da bakinka za ka faɗa, kuma ba za ka ce ba ka lura ba. Mun iske mutumin a gona ana cire albasa, yaron ya durƙusa ya ce Baba kuɗinku sun shigo sau biyu, na gani tun daren, na yi shiru da gangan. Dattijon ya jima bai yi magana ba, sannan ya aika a kira masa wani saurayi. Ashe ɗan ƙanensa ne, shi ke riƙe masa waya yana yi masa tiransifa dan shi bai iya ba, kuma tun da kuɗin sunka ɓace shi yake zargi, har ya karɓe wayar ya daina amsa gaisuwarsa, maganar ta kai ga iyaye mata ba su shiga ɗakin juna. Saurayin nan da ya ji abinda ya faru sai ya juya baya yana share ido da hannun riga. Ɗana bai taɓa ganinsa ba, bai san da shi ba. Dattijon ya ƙirga kuɗinsa, ya sa anka ɗaura mana albasa a bayan mashin, na ce a'a ya ce ba kai na ba ba.

Muna hanyar dawowa iska na kaɗa mu, sai na ji yaron ya matso kusa da kunnena ya ce, Baba, naku fa?

Satin nan na nemi sakataren ƙungiyarmu ta wancan lokacin, ya yi ta kallona kaman na zautu, ya ce Alhaji wa ke maganar wanga yanzu, na ce ni. Ya tono tsohon littafinsa munka fitar da lissafin abinda ya rage a kaina. Ba kaɗan ba ne, ba zan iya biya tashi ɗaya ba. Na ware buhu shida daga abinda ke sito na jingine su gefe da niyyar biya, sauran sai girbin rani in Allah ya kai mu. A majalisa an fara tsokanata ana ce min waliyyin Jega, wani ma ya ja ni gefe ya ce kar in tona wa mutane asiri. Lissafin yana wayar yaron, shi na ba ya riƙe, shekaranjiya ma da zan saida wasu buhuna sai da ya leƙo sito ya ƙirga shidan.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai saida hatsi,
Jega, jihar Kebbi.